An Cije Shi a Daji

Ku da kuka cika min waya da tambayar yaushe ne biki, ku yi haƙuri, yau ba zancen farar riga na zo da shi ba. A kan bencin asibiti nake rubuta wannan, cikin rigar nan ruwan ɗorawa da na nuna muku hotonta wancan satin, mai maɓallai irin na lu'ulu'u. Raina a ɓace yake. Idan kun ga na yi wa wani babba rashin kunya a ciki, to na yi ɗin, kuma ban janye ba.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Rhodora, a gida Doray, shekarata ashirin da shida, haihuwar garin Malabon. A asibiti nake aiki, amma ni ba nas ba ce ba kuma likita ba, duk da mahaifiyata, Nanay, wato mama da yarenmu, a taƙaice Nay, takan ce wa mutane "ai 'yata tana asibiti" ta ja bakinta ta bar su su ƙarasa da kansu. Ina ɗakin fayil ne a hawan ƙasa, mu huɗu da fanka ɗaya mai ciwon wuya. Idan an sallami mara lafiya, ko ya rasu, fayil ɗinsa zai sauko teburina, in karanta abin da likita ya rubuta in mayar da shi lamba. Kowace cuta a duniya da lambarta. Ƙa'ida biyu aka fara koya min. Ta farko, abin da likita bai rubuta ba bai faru ba. Ta biyu, abin da ka karanta a ɗakin nan, a ɗakin nan yake kwana. A kan ta biyun har hannu na sa.

Shi kuma mutumin naku, Renante, wanda kowa ke kira Nante, gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki yake yi. Shekara biyu yana zarya gidanmu. Nanay ta fi ni mutuwa a kansa, tun daminar da ruwa ya shigo mana har gwiwa ya ɗaga firjinmu shi kaɗai ya ɗora a kan teburi. Yau Lahadi aka sa danginsa za su zo neman aurena.

Ranar Talata da safe fayil ɗin ya zo. Namiji, shekara hamsin da takwas, ya kwana biyu a ɗakin keɓewa ya rasu. Ba zan faɗi sunansa na gaskiya ba, mu ce Mang Berting. A shafin ƙarshe likita ya rubuta: ciwon haukan kare, na daji. Matarsa ta ce an cije shi a daji sati shida da suka wuce.

Lambar wannan ciwon A82 ce, sai ɗigo, sai ka zaɓa. Sifili na daji ne, wanda namun dawa ke yaɗawa. Ɗaya na birni ne, na karnukan gida da na titi. Tara kuwa idan likita bai fayyace ba. Shekara huɗu ina wannan aikin ban taɓa buga sifilin nan ba, don haka yatsana ya tsaya. Wane daji ne a Malabon? Mu da ko bishiyar shan inuwa sai mun shiga harabar coci?

Na koma shafin farko, inda nas ɗin karɓar gaggawa ta yi rubutunta mai kama da tafiyar tururuwa. Ɗan kwikwiyon maƙwabta, fari, kunne ɗaya baƙi. Ya cije shi a kumatu yana sunkuye yana ɗinkin takalmi. An goga tafarnuwa, an yi ƙaho. Bai zo allura ba.

Sai na dubi adireshin. A takarda sunan titin wani dogon suna ne na fure da ba wanda ke amfani da shi sai mai kawo takardar wuta. Mu kuwa Gubat muke ce wa wurin, daji kenan da yarenmu. Lungu ne a bayan kasuwar kifi. Zamanin kakata ƙurmi ne na bakin ruwa, yanzu ko ganye ɗaya babu, sai kwano da igiyoyin lantarki da shanya, amma sunan ya zauna. Matar ta gaya wa likita gaskiya tsakaninta da Allah, an ciji mijinta a Daji. Likitan kuma, Dok Villaruel, wata uku kacal da zuwansa daga garinsu Iloilo mai nisa, shi ma ya rubuta abin da kunnensa ya ji.

A Daji gidan su Nante yake. Mahaifiyarsa, Aling Pacing, ita ce mai ƙahon unguwar, shekara talatin tana ɗora ƙahon barewa a kan cizon kare da na mage don ya zuƙe dafi. Kuma satin da ya wuce Nante ya ce min ba zai samu zuwa ba, akwai zaman makokin mai gyaran takalmin ƙofar gidansu, wai hawan jini ne ya kayar da shi.

Na zaro wayata a ƙarƙashin teburi na dinga ja baya cikin hirarmu har na kai wajen. Sati shida da 'yan kwanaki. Hoton Nante ne yana dariya, riƙe da ɗan kwikwiyo fari mai baƙin kunne ɗaya, babban yatsansa na dama naɗe da filasta. A ƙasa ya rubuta: "Bulak ya ɗanɗana ni, ya ce kin iya zaɓe." Ni kuma na ba shi amsa: "Ka je allura." Ya ce Nanay ɗinsa ta riga ta yi masa ƙaho. Na tura masa fuskar harara, daga nan muka koma gardamar wane fim za mu kalla. Wannan shi ne iyakar abin da na yi, ni ma'aikaciyar asibiti. Bayan kwana huɗu ya ce min Bulak ya ɓata, na ce Allah sarki.

Na ɗauki fayil ɗin na nufi teburin shugabarmu, Ma'am Ofelia, mace mai tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a ka. Na nuna mata shafin likita, na nuna mata na nas, na yi mata bayanin Daji. Ta saurare ni har ƙarshe, don ba muguwa ba ce, sannan ta ce rahoton ya riga ya tafi ofishin lafiya na birni tun ranar da mutumin ya rasu, da abin da likita ya rubuta: an cije shi a daji, ba a san takamaiman wurin ba. Wato ba wanda zai taka Daji ya tambayi wa da wa kwikwiyon nan ya ciza.

"To mu kira su mu gyara mana, Ma'am."

"Da sa hannun wa? Rhodora, ke mai lamba ce, ba 'yar sanda ba. Ki cike takardar tambaya ki kai wa likitansa. In ya gyara, mu gyara."

Takardar tambayar ma da tata ƙa'idar, ba a yarda ki sa wa likita magana a baki ba. Abin da zuciyata ta so in rubuta shi ne: Dok, Daji lungu ne, minti goma daga kujerarka, ka dinga tambaya in ba ka sani ba. Abin da na rubuta kuwa: bayanin nas ya ce kwikwiyon maƙwabta, naka ya ce daji, don Allah a fayyace. Na hau bene da kaina na kai. Aka ce Dok Villaruel ya tafi gida bikin ƙanwarsa, sai Lahadi zai dawo aiki. Likitan da ke riƙe masa ya ce shi bai ga mara lafiyar ba, ba zai taɓa rubutun wani ba. Na ajiye takardar a kan teburin na danne ta da kofin shayinsa.

Abin da nake so ku gane shi ne, wannan ciwon yana ba mutum lokaci, amma ba ya gaya masa nawa ne. Muddin alama ba ta fito ba, allura tana aiki, ko bayan sati shida ne. Ranar da alama ta fito kuwa, ko ƙaiƙayi a wurin cizon ko kasa haɗiye ruwa, an gama. Waɗanda aka ciza suka zo allura lambarsu daban, Z20.3, nakan buga goma a rana, ko sunayensu ba na riƙewa don da ƙafarsu suke komawa gida. Masu A82 ban taɓa ganin wanda aka sallama ba.

Tun a hutun cin abincin rana na fara.

"Nante, gobe da safe ka je allurar cizon kare. Zan raka ka."

"Wane kare kuma? Yatsan ya warke tun yaushe."

"Ka dai je."

"Ko so kike ki ga ina kuka kafin ki aure ni?"

Ya haɗa da fuskar dariya har uku. Shi dama Nante zai sa hannu cikin injin da wuta ke gudu a ciki yana fito, amma in ya ga allura sai ya koma ɗan shekara biyar. Da yamma na kira shi, na ce ba wasa nake ba. Ya tambaye ni me ya faru, me na gani. In na ce na karanta fayil ɗin maƙwabcinsu, kafin gari ya waye duk Daji ta ji, matar mamacin da ta zaɓi ta ce hawan jini ne ta ji daga bakin wa ya fito, ni kuma aikina da lasisina sun tafi. Sai na ce masa kawai hankalina ne bai kwanta ba. Ya ce to, gobe.

Laraba ya ce wani otal ya kira shi, injin sanyinsu ya tsaya da kifi cike. Alhamis ya turo min hoton kansa da kofi a hannu: "Ke allura, Nanay ruwa. Ta mayar da ni shuka, kullum da safe sai ta tsaya a kaina na shanye kofi guda. Mata biyu sun sa ni a tsakiya." Ban ma kula da zancen ruwan ba a lokacin, haushi ya rufe min ido. Na rubuta masa doguwar magana na goge, na sake rubutawa na goge, daga ƙarshe na tura: "In ba ka je ba kar ku zo ran Lahadi." Ya kira ni nan take, karon farko da na ji muryarsa babu wasa a ciki. Ya ce in ya je allura yanzu, kamar ya tsaya a tsakiyar Daji ne ya ce ƙahon uwarsa ƙarya ne, ƙahon da ya biya masa kuɗin makaranta. In bari a wuce Lahadi, Litinin zai lallaɓa ya je ba tare da ta sani ba. Ya rantse min da kabarin babansa.

Juma'a na dawo gida na tarar Nanay ta sauke labulayen falo ta rataya na Kirsimeti, ta cire ledar da ke kan kujeru tun ina firamare, ta goge gunkin addu'armu na Santo Niño har yana ƙyalli. Rigata na rataye a jikin ƙofa an yi mata guga sau biyu. Na zauna a ƙasa ina taya ta goge cokulan baƙi, na gaya mata iya abin da zan iya faɗa: kare ya ciji Nante, bai yi allura ba, kuma ina so ta sa baki.

Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce ai Pacing ta yi masa ƙaho.

"Nay, ƙaho ba ya komai."

"Ke kanki ƙaho aka yi miki kina shekara bakwai, da karen gidan kusa da coci ya kama miki ƙafa. Ga ki nan kina min iyayi."

"Wancan karen ya ƙara shekara tara a duniya, Nay. Lafiyarsa ƙalau, mugun hali ne kawai da shi."

Sai ta ajiye cokalin. Ta ce ta san ni, tun da na fara aikin nan kowa a idona mara lafiya ne, ko tari mutum ya yi sai na ba shi lamba. Ta ce Pacing mace ce mai zuciya, ta rene yaron nan ita kaɗai, in na kuskura na kunyata ta a falon nan to in nemi wata uwar. Yaro mai hankali ya zo har gida, ba ya sha, ba ya caca, 'yan matan Daji na layi a kansa, ni kuma zan tsaya ina neman abin da zan ɓata. Kwana biyu ne fa. Wa ya taɓa mutuwa don ya jira kwana biyu?

Na san amsar tambayarta, da adireshi da ranar haihuwa, amma na sa hannu.

Kada ku ce ban yi tunanin fasa ƙa'idar ba. Asabar sau uku ina ɗaukar waya. Amma kullum sai wata murya ta ce min Dok zai dawo gobe, Nante ya rantse zai je jibi, me zai sa in zubar da aikin shekara huɗu in tona asirin matar da ke cikin takaba saboda kwana biyu? Ashe maganar Nanay ce na ara na sa mata kayan ofis.

Yau da sha ɗaya na safe suka iso. Aling Pacing cikin doguwar riga shuɗiya da gashinta a ɗaure tsaf, ƙanenta Tiyo Lando wanda zai yi magana a madadin uban Nante, sai shi angon naku cikin farar riga mai aiki a ƙirji, ya sha man gashi har yana ɗaukar ido. Sun zo da tire biyu na taliyar Malabon, kaji gasassu, da wainar shinkafa a ganyen ayaba. Na kama hannun Aling Pacing na kai goshina kamar yadda muke gaida manya, na kama na Tiyo Lando. Hannun Aling Pacing sanyi ƙalau, a wannan zafin.

Aka zauna ana ta 'yan gaishe-gaishe, ruwan bana, tsadar kifi, wa ya tafi Dubai wa ya dawo. Nanay ta kawo lemo mai ƙanƙara. Kafin kowa ya taɓa, Aling Pacing ta jawo jug ɗin ruwa ta cika kofi ta tura gaban Nante. Ya ce, "Kin gani ko, Doray? Har a gidan surukai." Kowa ya yi dariya. Ya ɗaga kofin.

Ni ba shi na kalla ba, ita na kalla. Ba ta yi dariya ba. Idonta na kan maƙogwaronsa, leɓenta na motsi, ba ta saki numfashi ba sai da ya dire kofin babu komai a ciki. A nan na gane komai, na kuma ji wani irin takaici da ban taɓa ji ba. Ashe mu biyu ne muka sani. Kwana da kwanaki mata biyu da ke cewa suna son mutumin nan, kowace ta kama bakinta tana tsaron abin cin abincinta.

Tiyo Lando ya gyara murya ya fara jawabin da ya haddace, yadda suka ga fure a lambun gidan nan suka zo roƙo. Nanay har da share ƙwalla. Da ya kai wajen sa rana, kowa ya juyo gare ni.

Na ce, "Ina da tambaya ɗaya tukuna. Ina Bulak?"

Nanay ta taka min ƙafa a ƙarƙashin teburi da dukkan ƙarfinta. Nante ya ce haba Doray, ai ya gaya min ya ɓata. Na ce ba shi nake tambaya ba.

"Nay Pacing, akwai abin da na sa hannu ba zan faɗa ba, kuma ba zan faɗa ba. Amma ke ba ki sa hannu a komai ba. Tun yaushe kike ba shi ruwa kina kallon wuyansa?"

Nanay ta fara ba da haƙuri, wai yarinyar nan aiki ne ya taɓa mata kai. Aling Pacing ta ɗaga mata hannu. Ta dubi kofin ta yi magana a hankali, ba ta kalli ɗanta ba.

Ta ce Bulak bai ɓata ba. A ƙarƙashin wurin wanke-wankenta ya mutu, kwana huɗu bayan cizon, yana dalala yana cizon ƙafar teburi. Ta sa shi a buhu ta bai wa motar shara. Berting da Nante rana ɗaya ya cije su, kuma rana ɗaya ta yi musu ƙaho. Ranar da za a kai Berting asibiti ta shiga duba shi, matarsa ta miƙo masa ruwa, ya ture kofin yana shaƙewa kamar an shaƙe masa wuya da igiya.

"Ƙahon ya kama, Doray. Duka biyun ya kama, ya zauna, ya faɗo da kansa. Haka yake yi in ya gama zuƙe dafin. Shekara talatin haka yake yi."

"Na sani, Nay."

"Na ce in Nante yana shan ruwa, to nasa ya fita."

Fuskar Nante da ba ta rabo da dariya ta zama wata iri, ya dubi uwarsa, ya dube ni, yana ta goga babban yatsansa a jikin wandonsa. Tiyo Lando ya ce to, ai sai a ci abinci tukuna, gobe Litinin a je. Na rantse muku da na buɗe baki a lokacin da auren ya mutu har abada. Nanay ce ta riga ni. Matar da ta ce in nemi wata uwar ta miƙe ta cire ƙyallen girkinta ta jefar a kan kujerar da ba leda, ta fita titi ba takalmi tana ƙwala wa mai babur mai ƙafa uku kira.

Cibiyar allurar cizon dabbobi ba ta buɗewa Lahadi, don haka asibitinmu muka nufa, sashen gaggawa. Wa muka tarar a kan aiki? Dok Villaruel, ɗan siriri da tabarau, fatarsa ta sha ranar biki. Ya jawo takarda ya fara tambaya. Me ya cije ka, yaushe, ina karen yake yanzu.

"A ina abin ya faru?"

"A Daji," in ji Nante.

Biron Dok ya tsaya. Ya ɗago ya dubi mutum cikin farar rigar neman aure da man gashi, da alama yana neman inda daji ya shigo.

Na ce, "Bayan kasuwar kifi, Dok. Lungu ne, sunansa kenan. Ni ce Rhodora ta ɗakin fayil. Takardata na kan teburinka tun Talata, ƙarƙashin kofin shayi."

Na so in ji daɗin yadda fuskarsa ta sauya, kwana biyar ina tanadin wannan kallon, amma ban ji komai ba. Bai kare kansa ba. Ya ce wa nas ta nemo masa lambar jami'in lafiya na birni yanzu, ko a coci yake a fito da shi, ya kuma tambayi Aling Pacing wa da wa kwikwiyon ya taɓa. Ta fara lissafo su da yatsu, ta kai mutum huɗu. Ya sa a kawo allurai. Sannan ya juya ga Nante ya ci gaba da tambayoyin da na san jerinsu kamar addu'ar cin abinci, don kullum ina karanta amsoshinsu. Zazzaɓi? Babu. Ciwon kai? Babu. Kana barci? Ƙalau.

"Wurin cizon fa? Ƙaiƙayi, ko zugi, ko ka ji kamar tururuwa na bi?"

Nante ya dube ni. Ya yi ƙoƙarin yin murmushin nan nasa, ya dunƙule hannu ya ɓoye yatsan a ciki.

"Ɗan ƙaiƙayi ne kawai, Dok. Tun Juma'a. Ina jin garin sabulun wanki ne."

Talata na fara tura masa saƙo. Ku ƙirga da kanku, ni na gaji da ƙirgawa.

Sun yi masa alluran duka, har da wadda ake yi a cikin tabon, kuma bai yi kuka ba. Dok ya fito ya same ni ya ce tabo yakan yi ƙaiƙayi don kansa, sau da yawa ba komai ba ne, amma zai riƙe shi a ɗaki shi kaɗai su sa masa ido. Na ce ya nuna min fayil ɗin. Ya san bai kamata ba, ni ma na sani, amma ya juyo min shi. Ya rubuta komai dalla-dalla wannan karon, har da "Daji, lungun bayan kasuwar kifi, cikin birni." Layin da ake rubuta sunan cuta ne kawai ya bari fari. Duk abin da ya sa a layin nan, teburina zai sauko, kuma ni zan buga lambarsa da yatsana.

Nanay ta koma gida ta rufe abincin. Nante ya turo min saƙo daga ɗakin, taku ashirin daga inda nake: "Rigar ta yi miki kyau. Na manta ban faɗa ba." Ban ba shi amsa ba tukuna, don duk abin da na rubuta sai ya fito da faɗa.

Aling Pacing na zaune a gefena a kan bencin. Ɗazu ta sauka ta sayo robar ruwa mai sanyi, ta dawo ta ɗora a cinyarta ta riƙe da hannu biyu. Sanyin ya gama fita, ya jiƙa mata shuɗiyar rigar. Ba ta tashi ta kai masa ba, ni ma ban ce ta ba ni in kai ba.